Uwar Ankul

Ni dillaliya ta. Atamhwa, leshi, hijabai, zannuwan gado, duk abin da mace ka so ba ta iya hita ta sawo, ni ka kai mata har ɗaka. Gidanmu Tudun Wada shike, amma cinikina Runjin Sambo, don can ad da matan ma'aikata. Babu gidan da ban san tsakar gidanai ba a layukan nan. Sunana Bara'atu, sai dai can kowa Uwar Sadiya shika ce min, don Sadiya ta ka ɗaukar min ƙunshi tun tana ƙarama, sai sunka ɗauka ita ta babba. Ban taɓa gyara musu ba.

Akwai wanda ag gaba da Sadiya. Ɗan hwari. Mu gidanmu ba a kiran sunan ɗan hwari, ba a zama hira da shi, ba a yabonai gaban mutane. Haka nig ga uwata ta yi da yayanmu, haka niy yi. Da anka yaye shi uwata taɗ ɗauke shi zuwa Ƙofar Rini, can yag girma. Ita shika ce ma Inna, ni shi ce min Yaya. In zan yi zancenai sai in ce Babba. In ina da magana da shi sai in hwaɗa ma Sadiya, ko da shina tsugune bakin ƙohwata, ita ta juya ta hwaɗa mai. Wanda bai san mu ba sai shi ce ƙiyayya ta. Ba ƙiyayya ba ta. Duk sallar da niy yi da shi nika buɗe addu'a, amma wannan tsakanina da Ubangijina.

Babba ya yi boko har jami'a, ya karanta kimiyya, irin wadda aka haɗa ruwan wancan kwalba da na wanga. Babansu, Malam Mani, mahauci na, kuma ya daɗe shina cika ma abokan sana'a baki cewa ɗanai kamhwanin siminti za shi, da hular kwano da mota. To, Allah bai nuhwa ba. Bautar ƙasa tak kai shi wani ƙauye ƙasar Kabi, anka ba shi makaranta. Malamar ƙananan yara ta tahi haihuwa, anka ce shi riƙe mata aji. Sadiya tab ba ni labarin, don ni ba shi hwaɗa min kai tsaye. Wai akwai wata 'yar yarinya cikin ajin da ba ta magana, har malamai sun yanke cewa bebiya ta. Ran nan yaj ji ta bayan aji, ta goya totuwar masara, tana rera mata waƙar da uwatta ka yi in tana daka. Yal laɓe har ya hardace. Washegari yar rera ta cikin aji, da gangan yaɓ ɓata wuri guda. Yarinya tam miƙe tac ce ba haka aka yi ba. Daga ranar bakinta ya buɗe, shi kuwa abin yash shige shi awa iska.

Da yad dawo Sakkwato, ko takardar neman aiki bai kai kamhwani ba. Yas samu wata ƙaramar makarantar kuɗi a Runjin Sambo, yak karɓi ajin 'yan shekara uku da huɗu, kuma yak koma jami'a yin digiri na biyu, wanda suka ce ma mastas, kan rainon yara da koya musu. Nic ce ma Sadiya ta tambayar min shi, mi aka karantawa ga yaron da ko tsarki bai iya ba? Yay yi dariya, yac ce ta ce min nan karatun duka shike.

Runjin Sambo dai, cikin duk unguwannin garin ga. Inda nika cin abinci.

Sau ɗaya na gan shi bakin aiki. Ina wucewa da ƙunshina, ƙohwar makarantar a buɗe. Ga ƙato da gemu zaune ƙasa bisa tabarma, yaro guda ya hau wuyanai, wani na jan kunnenai, shi kuwa shina taɓa hannu shina kukan akuya. Sai yad dakata, yaz zaro ƙyalle cikin aljihu, yash share ma wata majina. Nij ja hijabina nir ruhe huska, nik ƙetare titi ban ko duba babur ba. Ɗan mahauta, jikan mahauta, mutanen da ka kayar da bijimi. Raina bai so abin ga ba, ba zan ɓoye ba.

Cikin gidaje kuwa zancenai aka yi. Ba wanda yas san sunanai, yara na ce mai Ankul, iyaye sunka ɗauka. Hajiya Maimunat, wadda ta hi kowa sayen leshi gare ni kuma ta hi kowa baki, jikokinta biyu na ajinai. Ta kan ce yaran sun iya gaisuwa, sun daina kuka da sahe, amma ita dai namiji mai gemu da goyon ɗiyan mutane, akwai abin dubawa. Ran nan har tac ce tana tausayin uwar da ta haihe shi, ta sha wahalar naƙuda don ta haihi mai raino. Mata sunka yi dariya. Ni ina warware mata leshi. Nic ce ta duba bakin zaren ga, ba shi zuba.

Ana nan, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Babba yaz zo yat tsuguna bakin ƙohwa. Munka gaisa sama-sama. Yac ce ma Sadiya ta hwaɗa min shina da roƙo. Aikin da za shi rubuta a ba shi mastas, kan waƙoƙi na da 'yan wasannin da iyaye mata ka yi ma ɗiyansu cikin gida, na lallashi, na wanka, na koyon tahiya. Shina son shi tara su daga bakin uwayen yaran ajinai, shi gwada su cikin aji, shi ga ko yaro ya hi saurin buɗa baki da abin da yas saba ji gida. To shi namiji na, ba shi shiga gidajen aure. Sadiya budurwa ta, ba macen auren da za ta buɗe mata baki. Ni kuwa babu labulen da ba ni ɗagawa. Abin da shika so, in shiga da waya, in nemi yardar mace, in ta yarda ta rera in ɗauka. Daktan jami'a da ka duba aikinai ya ce in bai kawo su kahin azumi ba, sai baɗi, shekara ta tahi ke nan.

Nic ce ma Sadiya ta ce mai zan duba. Malam Mani da yaj ji, yac ce in taimaka, tunda yaron ya zaɓi nashi turken, gara shi ƙare a huta. Sadiya tak koya min inda aka dannawa, jan ɗigo guda, in ya kama shina ƙyahtawa.

Gidan Shamsiyya nih hwara. Yarinya ta mai sakin huska, ɗanta na hwari na ajin, mijinta Gazali shina gyaran janareto bakin titi. Munka gama cinikin hijabi, niz zaro waya. Abin da za a ce a ƙare magana guda ta: ɗana na. To ta ina za ta hito? Ban taɓa hwaɗin haka gaban kowa ba. Kuma bayan kunyar, akwai dariyar gidan Hajiya Maimunat tana min yawo cikin kunne. Sai nij ji kaina ina cewa wani malami na, wannan da aka ce ma Ankul, yar roƙe ni in ɗaukar mai muryoyin uwayen yara suna waƙa, don karatunai na jami'a.

Shamsiyya tay yi dariya, tac ce ita ba ta ƙi ba, amma sai ta tambayi maigida. Nic ce haka ya kamata. Nib bi gidaje kamar biyar ranar, magana guda nika maimaitawa. Gida na ƙarshe na Hajiya Maimunat na. Tad dube ni sama da ƙasa, tac ce, "Ke Uwar Sadiya, ina kinka san shi?"

Nic ce, "Na dai san gidansu."

Ban yi ƙarya ba. Amma tun kahin in kai bakin titi in hau keke napep na san na aje abin da zai yi wari.

Kwana kaɗan zance yac canza kamanni. Abin da yak kai kunnen maza shi na: tuzurun nan na makaranta, wanda ba a san asalinai ba, ya ɗauki dillaliya haya tana bi ɗaka-ɗaka tana tara mai muryar matan aure cikin waya. Wasu sunka ce shi kwanta da dare shina saurare. Wasu sunka ce malamin tsibbu za shi kai mawa. Wani ma cewa yay yi Turawa za a sayar mawa. Na je gidan da nika shiga ba sallama biyu, yarinya tah hito tac ce wai Mama na barci, alhali ina jin muryatta. Gazali yac cire ɗanai daga makaranta, wasu sunka bi. Mai makarantar, mace ta mai tsoron abin da zai taɓa mata ciniki, tac ce ma Babba shi zauna gida har ƙura ta kwanta. Ba aji, ba waƙoƙi, ga azumi na matsowa.

Sadiya tad dawo daga Ƙofar Rini tac ce Yaya Babba ko abinci ba shi ci, shina zaune da littattahwai a buɗe ba shi karantawa. Tac ce min, "Inna, kin hwa san kalma ɗaya za ki ce." Nic ce ta tashi ta ɗauraye kwanoni. Tat tashi tana gunguni. Na yi salla, na yi lazimi, na roƙi Allah Shi kashe wutar ga ba sai na buɗa baki ba. Ban taɓa roƙon abin da nis san ba hanyatai ba ta irin na ranar.

Sai ga aike daga mai unguwar Runjin Sambo. Gazali ya kai ƙara, ana neman Ankul da dillaliya bayan la'asar. Malam Mani ba shi gari, ya bi dillalan shanu kasuwar Illela. Da shina nan da shi yat tahi yac ce ɗanai na, a ƙare, don namiji bai kai mu ɗaukar abin ga da nauyi ba. Nic ce ma Sadiya ta zauna gida. Nis sa hijabina mai kauri, nit tahi.

Zauren mai unguwa ya cika. Maza daga ciki bisa tabarmi, mu mata daga soro na biyu, bayan asabari, muna ganinsu ba su ganinmu sosai. Hajiya Maimunat ta zo da kujerarta ta roba. Shamsiyya na can kusurwa ta sunkuyar da kai. Babba na tsakiya a gurhwane, da hwarar riga wadda ta sha guga, ya aje hulatai bisa gwiwa. Ya rame. Nik kau da ido.

Gazali yay yi bayani da zahi. Yac ce shi ba shi da rigima da boko, shi ma ya yi sakandare, amma muryar matatai ba rediyo ba ta. Mai unguwa, tsoho mai sanyin magana, yac ce ma Babba shi yi nashi. Yay yi bayani tiryan-tiryan, yan nuna takardar jami'a mai hatimi. Yac ce yaro ɗan shekara uku in ya zo makaranta sai a rabka mai waƙar Turanci da bai san kanta ba, shi zauna shiru a ce daƙiƙi na, alhali cike shike da abin da uwatai taz zuba mai, ba a dai tambaye shi ba. Wallahi maganar ta shige ni, ban taɓa jin shi ya yi doguwar magana haka ba. Amma mutanen ba wannan sunka zo ji ba. Wani dattijo yac ce takarda ko a shagon kwamhuta ana buga ta. Shi abin da shika tambaya, ɗan wa na? Babba yac ce ɗan Malam Mani mahauci na Tudun Wada. Anka duba juna, ba wanda yas san shi, Tudun Wada ba nan kusa ba ta, mahauta kuwa da yawa.

Sai mai unguwa yaj juyo wajen asabari, yac ce ina dillaliyar. Nic ce ga ni, ranka shi daɗe. Yac ce matan unguwar ga sun amince da ni shekara da shekaru, mi ag gamina da wanga yaro har nika ɗaukar mai aike zuwa ɗakunan aure? Gazali yac ce a tambaye ta nawa anka ba ta. Mai unguwa yat tsawata mai, yaj juya ga Babba, yac ce to kai hwaɗa muna, mi at tsakaninka da ita?

Babba yad dubi asabari. Ya san abin da nic ce gidan Hajiya Maimunat, Sadiya ta kai mai. In yac ce uwatai ta, ya mai da ni maƙaryaciya gaban masu sayen kayana, ya kuma tona abin da ni ban tona ba. Yad dubi tabarma yac ce, "Ranka shi daɗe, mutunci na kawai. Laihin nawa na, ita a bar ta ta tahi."

Mai unguwa yan nisa. Yac ce in haka na, shi ba shi da abin da zai riƙa shi kare shi. Don zaman lahiya, zai ce ma mai makaranta ta sallame shi, shi nemi wata unguwa. Babba yac ce ya gode. Yaɗ ɗauki hulatai.

Ban san sadda nim miƙe ba. Nic ce, "Ranka shi daɗe, ɗana na."

Hajiya Maimunat tah hwara magana. Tac ce haba Uwar Sadiya, tausayi bai kai a yi ƙarya gaban manya ba. Tac ce ɗiyana duka ta san su, Sadiya, Kamilu, da 'yar autar nan, har zanen sunan autar ta saya gare ni. Shekara nawa ina zama bisa tabarmarta, ban taɓa cewa ina da ɗa namiji babba ba. Ita da bakina nic ce mata gidansu kawai nis sani. Gazali yak karɓe, yac ce ai abin mai sauƙi na. Kowa nan Ankul yas sani, takardar kuma tana hannun mai unguwa. In ɗanta na, ta hwaɗi sunanai.

Babba yaɗ ɗago da sauri yac ce, "Yaya, bari. Don Allah bari."

Sunan da anka raɗa mai ina ɗaka ina jin maroƙi na shelatai, ban taɓa ɗora shi bisa harshena ba, ko ni kaɗai cikin ɗaki. Ko cikin addu'a Babba nika cewa, Allah Ya san wanda nika nuhi. Nir riƙe bakin asabari.

"Zayyanu," nic ce. "Zayyanu na. Ɗaka ga uwata na haihe shi, Ƙofar Rini, shekarar da ruwa yac ci gadar nan. Shi na na hwari."

Mai unguwa yad dubi takarda, yan naɗe ta a hankali. Wata tsohuwa bayana tac ce, "Ayya. Ɗan hwari na." Shi ke nan, ba wanda yab buƙaci ƙarin bayani, duk wanda ke wurin ya san abin. Mai unguwa yas sunkuyar da kai, yac ce, "Subhanallahi. Mun sa ki abin da ba a sa uwa. Ki gahwarce mu, Malama." Yac ce ma Gazali, kai yaro na, ba ka san nauyin abin da kat tambaya ba. Gazali yay yi ta sosa ƙeya. Yac ce shi ai da an ce mai uwa ta ka taya ɗanta karatu, da shi da kanai zai riƙa ma Shamsiyya wayar.

Ni dai ban tsaya jin sauran ba. Ji nike awa an tuɓe min zane tsakiyar kasuwa. Nib bi ta ƙohwar baya nih hita. Har na hau keke ban san takalmi guda nis saka na wata ba.

Da Malam Mani yad dawo yaj ji, sai da yaz zauna yag gama cin tuwo. Sannan yac ce, to, ai ba ki mutu ba. Uwata kuwa, da labari yak kai Ƙofar Rini, aiko min tay yi wai ta ji zamani ya zo har gidanta. Kwana biyu ban iya zuwa gaishe ta ba.

Babba ya koma aji ran Litinin. Yara sunka dawo, har da ƙari. Amma waƙoƙin na nan ba a ɗauka ba, ga watan Sha'aban ya kama. Dole niɗ ɗauki ƙunshina da waya nik koma Runjin Sambo, ina jin kamar kowane bango na kallona.

Hajiya Maimunat na hango ni tab buɗe murya: "Maraba da Uwar Ankul." Sunan da yal liƙe min ke nan har yau. Tac ce wato ina zaune tana zagin ɗana ina auna mata leshi, wace irin mace ta ni? Nic ce irin wadda anka haiha da kunya. Tac ce to ita ma yau ta ji tata, tas sa anka kawo min hura. Sannan tag gyara zama tac ce in danna abin, ita za ta hwara, don 'yan matan yanzu ba su san komi ba sai waƙar waya. Tay yi guda huɗu ba ta numhwasa ba, har da ta yaye.

Daga nan abin yaz zama biki. In na shiga gida sai maƙwabta su taru, wagga ta ce ba haka kakarta ka yi ba, waccan ta ce su mutanen Gwadabawa da wani baiti suka ƙarewa. Ciniki ma sai da na tuna musu. Ni ban cewa komi, in danna jan ɗigo in aje waya bisa tabarma, in an gama in danna. Da yamma in ba Sadiya, ta kai Ƙofar Rini.

Gidan Shamsiyya nib bari ƙarshe, don nauyin mijinta nika ji. Na ishe mata sun cika tsakar gida. Taɗ ɗora ɗanta bisa ƙahwahunta tana jijjiga shi, tana rera mai, tana kiran sunanai cikin waƙar, ɗan hwari guda, gaban kowa, ko a jikinta. Nik kau da kai ina duban tukunya. Da tag gama sai tac ce saura ni. Nic ce ni aike anka yi. Mata sunka ce ba su yarda ba, na kwashe nasu duka, sai na aje nawa. Hajiya Maimunat, da ta biyo ni don kar a yi ba ita, tac ce ai dole akwai wadda niy yi ma Ankul shina jinjiri.

Nic ce ban yi mai ba. Gidanmu ba a yi.

Tac ce, "Gaban mutane ba a yi. Sadda ba kowa hwa?"

Nis shiga gyara bakin hijabina. Amma akwai. Kahin a yaye shi, in uwata ta tahi rijiya, gida ya zama ba kowa, nakan ɗauke shi in yi mai wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ina kallon ƙohwa. Ni niƙ ƙaga abata, ba ta da kai ba ta da gindi, zancen ɗan maraƙi na da yaƙ ƙi shan ruwa sai an kira shi sarki. Ko Sadiya ban yi ma ita ba. Sunka yi ta zuga ni, ɗan Shamsiyya kuma yar rarraho yak kama gwiwata. Niɗ ɗauke shi don in samu abin dubawa. Ban san yadda anka yi ba, sai nij ji ta tana hitowa. Muryata ta tsuhwa, ta karye wuri biyu. Da nig gama ba wadda tay yi dariya. Shamsiyya tac ce in sake, tana so ta riƙe. Nic ce sau ɗaya aka yi.

Sai da niz zo naɗe ƙunshi nig ga wayar bisa tabarma, jan ɗigo na ta ƙyahtawa. Ban danna ba bayan waƙar Shamsiyya.

Cikin keke na yi ta juya wayar. Ban san inda aka gogewa ba. Sadiya ta sani, amma in nic ce ta goge sai ta saurara ta ji ko mi na, kuma waƙar Shamsiyya na haɗe ciki, ita kuwa ana buƙatarta. Da nik kai gida nim miƙa mata nic ce ta kai, an gama, kar a sake aiko ni.

Babba ya kai aikinai kahin azumi, Dakta ya karɓa. Bayan salla ƙarama anka kira shi gaban malamai yak kare, sunka ce ya ci. Sadiya ta ce min waƙoƙin duka ya rubuta su bayan littahin, kowace da sunan mai ita da unguwarsu. Nit tambaye ta, ina tsintar shinkahwa, ko akwai wata ta ɗan maraƙi. Tac ce ta duba ba ta gani ba, wace ta? Nic ce ba komi, wata mata ta.

Amma ranar Alhamis ɗin nan ina wucewa bayan makarantar, tagar ajin a buɗe, nij ji yara sun haɗa baki suna kiran ɗan maraƙi sarki, har inda muryata tak karye suna karyawa. Nit tsaya jikin bango, ƙunshi bisa kai, ina roƙon Allah kar wani wanda yas san ni shi biyo layin. Sai da sunka kai ƙarshe nit tahi, don Hajiya Maimunat na jirana da kuɗin leshi, kuma na riga na makara.